Gaisuwar da Ba Ta Isa Bunkure

Duk wanda ya ce maka aikin na'ura ba ruwansa da rigimar dangi, ka turo mini shi in ba shi labari. Sunana Suhaibu, sana'ata haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna, kuma wallahi ta fi sauƙi a kan haɗa mutum biyun da suka raine ni.

Na farko Baffa Sammani, ƙanen mahaifina, mai injin casar shinkafa a Kura. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya tsaya mini har na gama karatu. Na biyu Kawu Ɗanbaba, yayan mahaifiyata, manomin rani a Bunkure, wanda in ya ce a'a, manoman yankinsu kaf a'a suke cewa. Shekaru suka kwashe ba sa ga-maciji. Mutanen Bunkure na cewa sikelin Kura yana cinye musu awo, mutanen Kura na cewa Bunkure na yayyafa wa shanshera ruwa don ta yi nauyi. A tsakiya kuwa sai Innata, tana zaune a Kura cikin dangin miji. In ta je gaida yayanta a ce ta kai rahoto, in ta zauna a ce ta yar da nata. Na tashi ina ganin tana share hawaye da bakin mayafi a kan wannan, kuma abin ya daɗe yana ci mini rai.

Saboda ita na yi ta zarya tsakanin garuruwan nan biyu har suka yarda aka kafa ƙungiya ɗaya, manoma da masu casa. Dabarar ba ta da wuya. Sikeli yana rumbun ƙungiya a Bunkure. Duk buhun da aka ɗora, nauyinsa zai fito a allon Bunkure, ya fito a allon ofishin Kura a lokaci guda, ga kyamara tana nuna filin awon. Ba mai cewa an yi masa a bayan ido. Kowane ɓangare yana da akwatin da muke kira suwic, wanda duk wayoyin gidan ke shiga cikinsa, shi ke raba saƙo. Tsakanin akwatunan biyu kuma muka yi hayar hanya daga wani kamfani a Kano, mai wayar gilashi binne a ƙasa. Aka yi rani aka yi damina, ba a ji kan kowa ba. Inna ta koma zuwa Bunkure ranar kasuwa, ta dawo da albasa da fara'a.

Sai ga girbin shinkafar rani. Ina can Zariya kan wani aiki, katafilar da ke yashe kanal ɗin ban-ruwa ta tsinke wayar kamfanin. Awo ya tsaya cak. Kawu ba mutumin jira ba ne, kuma ba mutumin neman izinin Kura ba ne. Ya kira wani mai haɗa sola, aka kafa dogon ƙarfe a rumbu, aka ɗaura masa faranti mai aika saƙo ta iska, aka ɗaura ɗan'uwansa a kan hasumiyar tankin ruwa ta ofishin Kura, suna kallon juna ta saman gonaki. Aka jona su a akwatunan. Abin ya yi aiki kuwa, awo ya ci gaba, Kawu yana ta baza babbar riga. Baffa ya dawo daga tafiya ya tarar da faranti a kan tankinsa, ya haɗiye, amma ka san irin haɗiyar.

Ranar da kamfani ya gyara wayarsa, a ranar komai ya rikice. Allon Kura ya daskare, na Bunkure ya daskare, wayar tebur ta mutu. Motoci sun yi layi a rumbu, buhuna jibge a fili, ga shi kwanakin nan hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma-yamma. Kafin in iso daga Zariya magana ta riga ni. Bunkure sun ce Kura ce ta kashe sikeli da gangan don a koma tsohon awo. Kura sun ce farantin nan da ma na leƙen asiri ne.

Ina shiga ofis na dubi akwatin, na ga fitilunsa duka suna ƙyaftawa tare kamar mai farfaɗiya. Nan take na gane. Hanya ɗaya ce da, yanzu sun zama biyu, ta ƙasa da ta sama. Saƙo ya tafi ta ƙasa, ya dawo ta sama, ya sake komawa ta ƙasa, ba mai tsayar da shi, kuma kowane zagaye sai wasu sun hau kansa, har hanyar ta cushe ba inda nauyin buhu zai bi. Na miƙa hannu na zare wayar faranti. Kafin in juyo allon ya dawo, ga filin Bunkure tar, ga Nasara mai awo tana fifita da kwali.

Da na san abin da zai biyo baya, da ban yi murmushi ba. Wayata ta yi ƙara, Nasara ce.

"Suhaibu, me ka taɓa? Malam Ɗanbaba ya ji an ce Kura ta cire masa faranti. Ya ce ko buhu ɗaya ba za a ɗora ba sai an mayar."

Baffa yana tsaye a kaina, ya ji komai. Ya ce, "Ka gaya masa, ranar da aka sake jona wannan kwanon a ofishina, ranar na bar ƙungiya. Kowa ya kama gabansa."

To ka ji. In na cire ta sama, na wulaƙanta Kawu. In na cire ta ƙasa, na wulaƙanta Baffa, don shi ya kawo kamfanin, da shi yake tunƙaho. Dole hanyoyin nan biyu su zauna tare, in ba haka ba ƙungiya ta watse, Inna ta koma gidan jiya. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na fita bayan injin na tsaya ina huci ni kaɗai.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, akwatunan nan suna da maganin wannan matsala tun daga masana'anta. Kowane ɗan lokaci suna aika wa juna wani ɗan gajeren saƙo, ni gaisuwa nake ce masa: ga ni nan, ni ne wane, ta wannan ƙofa nake jin ka. Da wannan gaisuwa suke gane cewa hanya biyu ce tsakaninsu, sai su kwantar da ɗaya ta zama ta ko-ta-kwana. To me ya hana su? Na zauna na buɗe kwamfuta na saurari ƙofar wayar ƙasa. Hoton kyamara na wucewa, lambar sikeli na wucewa, amma gaisuwa ko ɗaya babu.

Na kira kamfanin. Aka yi ta wurga ni daga wannan zuwa wancan, kowa na tambayata ko na kashe na kunna. Na kusa zagin wani, Allah ya tsare. Daga ƙarshe aka haɗa ni da wata Injiniya Ruƙayyatu, muryarta a sanyaye kamar ba ta san ana girbi a duniya ba. Na zayyana mata komai.

Ta yi 'yar dariya ta ce, "Malam Suhaibu, ai gaisuwarku a wurinmu take tsayawa. Ba ta ɗauke da sunan kowa, an rubuta mata ne kawai: zuwa ga maƙwabci na kusa. Akwatinmu da ke bakin ƙofarku shi ne na kusa, sai ya karɓa ya ɗauka tasa ce. Ka san in ka ce wa direba ya gaida mutanen gida, me yake cewa?"

Na ce, "Za su ji."

"To haka namu yake yi. Kayan zai kai, gaisuwar kuwa a tasha ya bar ta."

Duk da halin da nake ciki sai da na dara. Na ce, "To Injiniya, mene ne abin yi? Ina da tsofaffi biyu a nan, kowa ya ɗaure fuska."

Ta ce akwai hanya, kuma ba sabuwa ba ce. A ƙofar da wayarmu ta Kura ta shiga wurinsu, za ta umarci akwatinsu kada ya buɗe gaisuwar, ya canza mata adireshi zuwa wani na musamman wanda sauran akwatunansu na tsakiya ba sa kulawa da shi. Sai su ɗauke ta kamar kowane kaya, cikin layin da aka ware wa ƙungiyarmu, ba ta gauraya da ta kowa ba. In ta isa ƙofar Bunkure, a mayar mata da adireshinta na asali, a miƙa wa akwatinmu. Shi a ganinsa ɗan'uwansa na Kura yana nan jikin bango.

Na ce, "Kamar bututun da ke ratsa ruwan kanal ta ƙarƙashin titi."

Ta ce, "Kai ka san kanal, ni ban sani ba, amma haka ne. Sai dai dole a yi a ƙofofin biyu, kuma sai gobe da safe, sai na sami sa hannun shugabana. Sannan ka tuna, da zarar sun fara jin juna ta hanyoyin biyu, akwati ɗaya ne zai zama shugaba, daga shi ake auna kowace hanya. Ka yanke wanda kake so."

Ta faɗe shi ne kamar mai cewa ka zaɓi shayi ko koko. Ni kuwa tsofaffin nan biyu na tuna.

Da la'asar na samu aka zauna. Baffa ya ce ba zai taka Bunkure ba, Kawu ya ce ba zai taka Kura ba, don haka aka shimfiɗa tabarmi a gindin wani mangwaro kusa da gadar kanal, tsakanin garuruwan. Dattawa suka zo daga kowane ɓangare, da limamin da ke ja musu salla a gona. Baffa ya zo a mota, Kawu a bayan babur. Suka yi musabaha da yatsu uku, kowa na kallon wani wuri.

Na durƙusa na yi bayani dalla-dalla. Na ce ba wanda ya kashe sikeli, ba wanda ya yi leƙen asiri, hanyoyi ne suka yi yawa ba mai tsara su. Na ce gobe za a gyara, duka biyun za su zauna. Har na ga fuskoki sun fara saki. Sai wani dattijo ya tambaya, wai to wa zai tsara su? Ni kuma bakina bai iya kwana ba. Na ce akwati ɗaya ne zai zama shugaba.

Tirƙashi! Ka ce na jefa wuta a rumbun kara.

"Shugaba?" in ji Baffa. "To ai ba sai an tambaya ba. Ina injin yake? Ina ofis yake?"

Kawu ya gyara zama ya ce, "Ina shinkafar take? Injin da ba shanshera ai ƙarfe ne kawai. Alhaji, mun ba ku ofis, mun ba ku hatimi, yanzu har akwatinmu ma sai ya durƙusa wa naku?"

Na ce, "Kawu, Baffa, don Allah, shugabancin nan ba na ba da umarni ba ne. Ba ya ƙara wa kowa awo, ba ya rage wa kowa. Alama ce kawai da ake aunawa daga gare ta."

Wa ya saurare ni? Aka yi ta cacar baki, wannan ya tono zancen rabon ruwa na shekarun baya, wancan ya tono zancen buhunan da suka jiƙe. Liman yana ta "a yi haƙuri, a yi haƙuri" ba mai ji. Sai da suka gaji don kansu, sannan duk suka juyo kaina, wai ni ne masani, ni zan faɗa. Na dubi Baffa, na dubi Kawu. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Duk wanda na ambata, na zaɓi gida ɗaya ke nan na bar ɗaya.

Kawu ne ya cece ni, ba da niyya ba. Ya ce, "Tsaya. Su akwatunan, in ba a sa musu baki ba, yaya suke yi a junansu?"

Na ce, "Kowanne yana da lambar da aka haife shi da ita a masana'anta. Mai ƙaramar lamba shi ke zama gaba. In 'yan gida ɗaya ne kamar namu, galibi wanda ya riga zuwa duniya ke nan."

Sai dattawa suka fara gyaɗa kai. Wani ya ce, "Af, ashe suna da tarbiyya." Shekaru dai ba a gardama da su a ƙasar nan, ko a gaban tuwo babba ke fara sa hannu.

Baffa ya washe baki. Ya ce, "Shi ke nan, na yarda! Babba ya ja gaba. Wa ya fara kawo irin wannan akwati ƙasar nan? Tun Bunkure ba ta san sunansa ba yake ofishina."

Na ɗago da sauri. "Baffa, akwai abin da..."

Ya ɗaga mini hannu. "Kai, manya na magana. Yaushe ka koyi wannan?"

Na sake buɗe baki, wani dattijon Kura ya harare ni, na rufe. Kawu ya ce shi ma ya yarda, a bar su su zaɓa, kada ɗan'adam ya sa hannu. Liman bai jira an sake tunani ba, ya ɗaga hannu, aka karanta Fatiha, aka shafa. A wajenmu in an shafa Fatiha a kan magana, ta zauna ke nan.

A hanyar komawa Baffa ya ce in shigo mota, wani ya taho da babur ɗina. Yana ta raha, har da ba ni goro. Muna wuce gonakin tumatir da aka riga aka tsince, na ce, "Baffa, ka tuna lokacin da za a buɗe rumbu, ka sayo sabon akwati?"

"Na tuna mana. Mai tsada."

"Ka ce a sa sabon a ofishinka. Tsohon kuma ka ce in kai Bunkure, wai ya ishe su."

Ya daina tauna goron. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ana iya sa musu baki, ko ba haka ka ce ba?"

"Ana iyawa. Layi ɗaya zan rubuta."

"Wa zai sani?"

"Ba kowa. Sai ni da kai."

"To?"

Ban taɓa ce wa mutumin nan a'a ba tun ina yaro. Na ce, "Baffa, an shafa Fatiha, kuma da hannuna a ciki. Ka yafe mini, ba zan iya ba."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Ashe dai ɗan Bunkure na raina." Ya sa direba ya tsaya, ya ce in sauka in jira babur ɗina. Na tsaya a bakin kanal ina kallon motar tana tafiya, maganar tana suka ta. Ta yi mini zafi fiye da mari, don ina son tsohon nan, kuma na san ba mugu ba ne, girman kai ne kawai ya yi masa yawa.

Washegari da hantsi na isa ofishin Kura. Na ɗauka ba zai zo ba, sai na tarar da shi zaune a kujerarsa, hula a goshi, bai amsa gaisuwata ba sai da ka. Dattawansa sun cika benci. A allo ga filin Bunkure, buhuna har yanzu a jibge an ja musu leda, Kawu a tsaye kusa da sikeli, hannu a baya. Sama ta yi nauyi, iska ta fara kaɗa ledojin.

Injiniya Ruƙayyatu ta kira. Ta ce ta gama ƙofar Kura, tana kan ta Bunkure. Na sa ido a kwamfuta, ina sauraron ƙofar wayar ƙasa, shiru kamar jiya. Sai ga shi, layi ɗaya ya faɗo. Gaisuwa ce, daga tsohon akwatin Bunkure, ta ratso cikin na'urorin kamfani kaf ba wanda ya taɓa ta. Wata ta biyo, wata ta biyo. Ban san lokacin da na ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfi ba.

"Ta iso?" in ji Injiniya.

"Ta iso, Allah ya saka da alheri."

"To jona ta samanku mu gani. Ina nan."

Na ɗauki wayar faranti. Baffa ya bi hannuna da ido. Na jona, na riƙe numfashi. Fitilu suka ci gaba da ƙyaftawa a natse, kowace da lokacinta. Allo bai daskare ba. Fitilar ƙofar faranti ta tsaya ruwan goro, alamar an kwantar da ita.

Wani dattijo ya ce, "To wa ya ci?"

Na sa wayar tebur a lasifika don Bunkure su ji, na faɗa ba ƙari ba ragi. Na ce akwatin Bunkure ne babba, shi ne shugaba. Hanyar ƙasa kuma ta fi faɗi, ita za ta ɗauki kaya, ta sama ta kwanta tana jira.

Na ji sowa ta fara tashi a Bunkure, sai ta yanke. Muryar Kawu ta fito: "Ta kwanta? Wato an kashe mini faranti da dabara ke nan. An ba ni rawani an ƙwace gona. Suhaibu, ni za ka yi wa wayon 'yan boko?"

Kai, jama'a! Nan fa haƙurina ya ƙare. Na ce, "Kawu, wallahi ba a kashe ba! Ranar da wayar ƙasa ta sake tsinkewa, shi zai tashi da kansa, ba sai an kira kowa ba."

"Ranar da. To ni ban ga ranar ba. Nasara, kada ki ɗora komai."

Sai Baffa ya miƙe. Ya zagayo tebur a hankali, ya tsaya gaban akwatin, ya ce da ni, "Wacce ce tawa?" Na nuna masa. Ya matso kusa da lasifika, karo na farko da ya yi wa Kawu magana kai tsaye a ranar. Ya ce, "Malam, ga ranar ta zo. Zan cire tawa da hannuna. In kwanonka ya tashi, to. In bai tashi ba, kowa ya san inda ya nufa." Kafin in ce wani abu ya fizge ta.

Allo ya daskare. Lasifika ta mutu. Kawu ya tsaya a hoto baki buɗe, ledar buhu ta tsaya a iska.

Na san tsohon akwati ne ke ja, kuma tsohon tsari yake bi, sai ya saurara, ya sake saurarawa, kafin a buɗe ƙofa. Na sani sarai. Amma sani daban, tsayuwa a ɗakin nan daban. Wani a benci ya yi tsaki, wani ya fara neman takalminsa. Na tuna Inna, da safe ta ce mini ta sa a ajiye mata wuri a motar kasuwar Bunkure. Na dubi Baffa, na ɗauka zan ga yana murmushin nasara. Ba haka na gani ba. Ya ƙura wa fitilar nan ruwan goro ido, wayar a hannunsa, leɓensa na motsi.

Fitilar ta koma kore.

Hoton ya zabura ya ci gaba. Ga Kawu ya juya yana kallon dogon ƙarfensa, ga mutane na tsalle, lasifika ta dawo da ihu har tana kakkaryewa. Nasara ba ta jira umarnin kowa ba, ta yafito masu dako, suka ɗora buhun farko. Lamba ta fito a gabanta, ta fito a gabanmu. Dattawan Kura suka matso suna leƙe, wanda ya sa takalmi ya sake cirewa.

Na ce, "To Baffa, an gani. Kawo in mayar, ta ƙasa ta fi sauri."

Na miƙa hannu, ya riƙe mini wuyan hannu. Tafinsa da ɗumi, kamar lokacin da yake tsallakar da ni titi zuwa makaranta. Bai dube ni ba, allon yake kallo.

Ya ce, "Bar ta. Mutum ya kafa abu da guminsa, a bar shi ya ga amfaninsa. A ƙarasa awon yau a kan hanyarsa." Ya naɗe wayar ya sa a aljihun babbar riga, ya koma kujerarsa. Sannan ya ɗaga murya wajen lasifika: "Malam, ku hanzarta, hadarin nan ba zai jira ku ba. Zan turo motata ta taya ku kwasa."

Sai Kawu ya ce, "To, Alhaji. A turo da leda in akwai."

Na fita waje don kada dattawa su ga idona. Yayyafi ya fara sauka a kan kwanon injin, direban Baffa yana ta faman tayar da mota, ni kuma na tsaya ina neman lambar Inna a waya.